Kiran Umma a Wayar Shamsu

Tun a jirgin ƙasan da ya ɗauke mu zuwa Budapest raina ya fara ɓaci, kuma ba a kan komai ba sai ƙuli-ƙuli. Shamsu ne ya buɗe jakarsa ya zaro leda, ya kwance ta tsakaninmu ya ce bismillah. Ina ganin yadda aka murza ƙulin, sirara dogaye kamar yatsa, na gane hannun da ya yi shi. Mahaifiyata ce. A gidanmu na Onitsha aka soya shi, can bayan kasuwar Ose, aka ba wani ɗalibi da ya je hutu ya taho da shi, amma sunan da aka rubuta a jikin ƙunshin na Shamsu ne. Na ci dai don ina jin yunwa, ba don ina jin daɗinsa ba.

Shamsu abokina ne tun muna makarantar kwana a Inugu. Ɗan Rumuokoro ne a Fatakwal, babansa yana sayar da tumatir da tattasai, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun yana firamare. Da yake Onitsha ta fi kusa da makaranta, duk ƙaramin hutu a gidanmu yake yi, kuma ya shiga gidan da ƙafar dama. Daga baya Allah ya haɗa mu karatu a gari ɗaya a gabashin Hungary, shi haɗa magunguna, ni injiniya, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Umma 'yar wani ƙauye ce ta wajen Ɗambatta, kuma da aka kawo ta Kudu ta taho da alkunyarta cif, ba ta bar ko kaɗan a hanya ba. Ba ta faɗar sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama hira da ni. In za ta aike ni sai ta kalli bango ta ce, "A je a sayo kalanzir." Matan Ibo na layinmu da suka fara kiran ta Mama Nasiru sai ta yi kamar kurma, har suka gaji suka koma Mama Hauwa, sunan ƙanwata mai bi na. Na san al'ada ce, an faɗa min har na gaji da ji. Amma ni a Onitsha na buɗe ido, inda nake ganin uwar ɗan ajinmu ta tare shi a bakin makaranta ta rungume shi tana goge masa fuska da bakin zaninta. Sanin al'adar bai taɓa rage min zafin abin ba.

To wannan matar da ba ta iya kallona, ita ce in ta ga Shamsu sai bakinta ya ƙi rufuwa. "Ɗana Shamsu" kaza, "ɗana Shamsu" kaza. Shekara biyu muka yi a Turai ba ta taɓa kiran wayata ba, amma duk mako sai ta kira shi, in ji yana ta ƙyaƙyata dariya a baranda. In ya dawo ya ce, "Umma na gaishe ka," sai in ce ina amsawa, in juya fuskata bango. Kishi ne, ba wani suna da zan ba shi. Ƙato da gemu ina kishin maraya a kan uwata.

Shi ya kawo shawarar tafiyar. Ya ce ya samo tikitin bas mai arha, birni huɗu a kwana uku: Budapest, Bratislava, Vienna, Prague, mu dawo kafin darasin Talata. Jaka ɗai-ɗai a baya, burodi, kifin gwangwani da ƙuli, ba shiga gidan abinci, ba shiga duk inda ake biya a ƙofa.

"Mu ma a ce mun ga Turai," in ji shi, "ba bangon laburare kaɗai ba."

A Budapest muka yi Juma'a a wani masallaci da ke ƙasan bene, wanda in ba don takalman da ke bakin ƙofa ba sai ka ɗauka shagon tela ne. Daga nan muka taka zuwa bakin kogi muka hau gada. Gada ce mai kyau, ba zan ɓoye ba, amma tsit take. Ba okada, ba mai tallan ruwa, ba kwandastan da ke zagin uwar wani, ba warin albasar da ta kwana a tirela. Na tsaya ina kallon ruwan, abin da nake gani kuwa Head Bridge ne, bakin gadar Onitsha, da yamma, lokacin da motocin Arewa ke shigowa Baba yana tsaye da ƙaramin tawul a wuya yana jiran kayansa. Kewar gida ta taso min, iska mai sanyi ta taya ta, na hau tari.

Shamsu ya sauke jaka ya ciro wata rigar sanyi ruwan ƙasa, mai kauri, mai dogon wuya. Warin okirika na tashi a jikinta, irin gwanjon da ake zubewa a babbar kasuwar Onitsha. Wato rigar nan daga Turai ta tafi a dila, ta sha yawo a Nijeriya, aka sake maido ta garinsu.

"A cikin ƙunshin take," ya ce. "Ta matse ni a kafaɗa. Saka."

"Wanda aka aiko wa shi zai sa."

"Tari fa kake yi, Nasiru."

"Tarina ne ai."

Ya dube ni, ya ninke rigar ya mayar. Na ƙarasa gadar haƙorana na haɗuwa, ina kuma jin daɗin cewa na ƙi.

Bratislava ba mu ga abin kirki ba, kwana kawai muka je yi don can ya fi arha. Ɗaki ne mai gado goma, sama da ƙasa, maza da mata a haɗe, ga wani Bature da ya cire takalmi ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Da asuba muka shimfiɗa tawul tsakanin gadaje muka yi salla a takure. Abin da na fi tunawa shi ne tsohuwar da ke kula da wurin. Ni na gaishe ta da safe ta ɗaga min kai kawai. Shamsu ya fito ya karɓi bokitin hannunta ya kai mata ƙasa, ya faɗi kalma biyu da ya haddace a yarensu, kafin ka ce me ta cika masa leda da burodi da tuffa tana shafa masa kafaɗa. Haka yake. Ko dutse ya gaisar sai ya amsa masa. Na ce a raina, to ga wata uwar kuma ya samu.

A Vienna ne na tafka abin kunya. Muna fitowa daga tasha wani mutum mai jar hula ya tare mu da Turanci mai daɗi, ya ce yana da tikitin yini na jirgin cikin gari guda biyu, shi da matarsa za su wuce filin jirgi, zai bar mana a rabin kuɗi. Shamsu ya ja hannuna ya ce mu je na'ura mu saya kawai. Na fizge. Ni da na tashi a Ose, na ga 'yan damfarar Head Bridge iri-iri, wani Bature ne zai ci ni? Na taya, ya rage, na sake tayawa, ya sallama, na karɓa ina hura hanci. Tasha uku muka yi masu duba tikiti suka shigo, mace da namiji. Matar ta juya takardun ta nuna min kwanan watan da yatsa. Na shekaranjiya ne.

Suka sauke mu a tasha ta gaba. Ni na hau faɗa, ina cewa an cuce mu ne, su je su kama mai jar hula. Namijin ya ciro littafin tara. Shamsu ya dafa ƙirjina ya tura ni baya, ya tsaya a gabansu a natse ya nuna katin makaranta, ya kwatanta mutumin tun daga hula har takalmi, ya ce laifinmu ne kuma mun ji kunya. Ban san me suka gani a fuskarsa ba. Matar ta yi magana da abokin aikinta, ta raka mu har gaban na'ura, ta tsaya muka sayi na gaskiya, ta ce kada mu sake. Shamsu bai ce min ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Da la'asar muna zaune a dandalin babban cocinsu muna cin burodi da kifi, kekunan doki na wucewa da masu yawon buɗe ido, wayarsa ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Yana ɗauka na ji muryarta.

"Ɗana Shamsu! Ina kuka shiga ne yau?"

"Umma, muna Vienna! Tsaya ki ga dawakai, sun fi shanun Ɗambatta ƙiba."

"Kai, ka ci gidanku! Nuna min in gani."

Ya tashi yana zagaye da wayar, yana nuna mata gini, yana nuna mata tattabaru, tana ta salati tana dariya. Dariyar nan ni ban taɓa samun ta ba, sai dai in tsinto ta daga wani ɗaki. Can ya dawo ya ce, "Ga mutumin nan ma," ya juyo da wayar saitin fuskata. Na ga Umma zaune a tsakar gida, tire a cinyarta tana tsince shinkafa. Na rusuna daga zaune na ce, "Umma, ina wuni." Ta dube ni sau ɗaya, kamar ƙiftawar ido, ta sunkuyar da kai kan shinkafa.

"Lafiya. Madalla. Ba Shamsu wayar."

Ragowar burodin tattabaru na watsa wa.

Washegari Lahadi muka hau bas ɗin Prague da hantsi. Shamsu ya matsa ya ba ni gefen taga kamar kullum, ya sa wayarsa caji a ƙasan kujera. Ban yi masa magana ba tun jiya. Muna fita gari ya miƙo min ledar ƙulin na ture. Ya ce wai me ya yi min ne, tun Juma'a nake shan kunu. Ya ce ko don kada Umma ta ji ai na ci wani abu.

"Ka daina ce min Umma, Umma," na ce. "Ba uwarka ba ce. Kowa ya san inda tasa take."

Na san inda tasa take, a maƙabarta a Fatakwal, na taɓa raka shi ziyara. Ina sane na faɗa. Ya ɗaure ledar a hankali ya mayar jaka, ya kafa wa bayan kujerar gaba ido.

Bayan mun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Czech direba ya tsaya a wani gidan mai a tsakiyar gonaki, ya ce minti goma. Azahar ta yi, Shamsu ya ɗauki 'yar gorar ruwan da muke yi wa lakabi da buta, ya cire takalmi ya sa silifas, ya sauka ba jaket. Alwala a banɗakin Turawa aiki ce. Sai ka jira kowa ya fita kafin ka ɗaga ƙafa ka sa a wurin wanke hannu, in ba haka ba a yi ta kallon ka kamar mahaukaci, shi kuwa Shamsu ba ya son ɓata wa kowa. Fasinjoji suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Direba ya hau, ya leƙo ta madubi ya tambaya da Turanci ko kowa ya shigo.

Na ji shi sarai. Ba barci nake ba, ba kuma mantawa na yi ba. Abin da ya zo min shi ne, bari ya ɗan ji tsoro, bari sau ɗaya shi ma a manta da shi. Na ce zan yi magana in an rufe ƙofa. Aka rufe. Na ce zan yi in motar ta motsa. Ta motsa. Sai ga Shamsu ya fito da gudu, hannun riga a naɗe, gora a hannu, silifas ɗaya ya fice masa. Na gan shi ta taga. Kafin in miƙe in kai wurin direba ina ihu mun hau babban titi, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce a nan ba a tsayawa, sai Brno.

Na dawo na zauna. Jaket ɗinsa na kan kujera, jakarsa na ƙasa da fasfo da katin zama da komai a ciki, wayarsa na jikin caji. Na bar shi a ƙasar da ba ya jin yarenta, cikin sanyin Nuwamba, da riga ɗaya da ƙafa a jiƙe.

Ba a yi minti goma ba wayar ta hau ruri. Na duba, ga abin da ya sa wa lambar: Ummanmu. Na so in bari ta katse, amma hannuna ya riga ni. Na kara a kunne na ce "Na'am" ƙasa-ƙasa. Ga ƙarar mota, ga ta ba ta jira ba.

"Shamsu, kana kusa da shi? In kana kusa ka matsa." Ta rage murya. "Jiya da ka juya wayar na ga wuyansa duk ya fito. Ba ya cin abinci ne? Kuma ban ga rigar a jikinsa ba. Sai da na zagaye layin 'yan okirika sau biyu kafin na samu mai wuyan, saboda ƙirjinsa ba ya son sanyi tun yana goye. Ko ka faɗa masa ni na aiko? Na ce maka kada ka faɗa."

Na ƙara danna wayar a kunnena.

"Tarin nan na ji shi ta bayanka, ban runtsa ba jiya. Ka samo citta ka dafa masa. Shi haka yake, in ransa ya ɓaci ba ya faɗa, abinci yake dainawa. Ka lallaɓa shi. In kun hau mota ka bar masa taga, jiri yake yi. Shamsu? Kana ji na?"

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a kaina ba. Ashe ta san wuyana, ta san ƙirjina, ta san jirin mota da ni kaina na ɗauka ba wanda ya lura. Hawaye ya zubo min, wata Baturiya a kujerar gefe ta kawar da kai.

"Umma, ni ne."

Shiru. Har ina jin kukan injin niƙan maƙwabta a bayanta.

"Ina Shamsu?"

"An bar shi a gidan mai."

"Wa ya bar shi?"

Na so in ce direba. Na ce, "Ni."

Da ta yi magana muryarta ta koma irin wadda na saba da ita, ta aike.

"A koma a ɗauko shi."

Ta kashe.

A Brno na sauka da jaka biyu da jaket biyu, na bi tagogin sayar da tikiti ina nuna gidan man a taswirar waya. Kowa sai ya girgiza kai, ba bas ɗin da ke tsayawa can a ɗaya hannun. Kuɗin tasi kuwa ko na sayar da kaina ba zan haɗa ba. Ina tsaye a bakin titi ban san inda zan nufa ba, sai na ji wani yana zazzaga faɗa a waya da Ibo. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne yana loda kwalaye a farar motar ɗaukar kaya. Na jira ya gama na matsa na ce, "Nna, biko," wato don Allah, na kwashe labarin na faɗa masa da Ibon Onitsha.

Ya saki baki. "Aboki wey dey speak Igbo for Brno! Chineke!" Da ya gama kiran sunan Allah da yarensu ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce Ose. Ya ce shi ɗan Nkpor ne, sunansa Obinna, uwarsa a Ose take sayen albasa, wataƙila ma a hannun babana. Ya ture kwalaye ya ce in hau.

A hanya ya tambaye ni yadda aka yi mota ta tashi ina ciki ban tsayar ba. Na gaji da ƙarya tun kafin in fara, na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni ya dubi titi.

"You leave your brother for road? For oyibo land?" Ya yi tsaki mai tsawo. Sai ya ƙara wa motar wuta.

Shamsu na zaune a lungun shagon gidan man, kan kwandon lemo da aka kifa. An sa masa wata ƙatuwar jaket mai ruwan lemo irin ta ma'aikata, da kofin shayi a hannu. Wata dattijuwa mai goge-goge ce ta ba shi, tana tsaye kusa da shi da sandar gogewa kamar mai gadi. Da ta gan ni da jakarsa ta zuba min wata magana da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka. Leɓɓansa sun yi fari, ƙafafunsa sun ƙandare a silifas.

Na durƙusa na ajiye masa takalmansa. Na fara cewa direban ne bai ji ba.

"Na gan ka, Nasiru," ya ce. "Kai ma ka gan ni."

Ya karɓi wayarsa ya duba, ya ga kiran.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

"To ka ji." Ya kurɓi shayin. "Tun muna Inugu take haka. Ranar da ta fara ba ni saƙo sai da ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa maka ba, wai da kunya. Man zafin da na ce na saya, ita ce. Zumar bara, ita ce. Ka san nawa ne rabona a kiran nan da kake jin haushi? Ɗana Shamsu ya karatu, shi ke nan, sai mu yi dariya kaɗan don ta samu hanya. Sauran duk kai ne. Ya ci? Ya yi barci? Ya rame?" Ya ajiye kofin. "Ni nake riƙe waya ina jin yadda uwa take tambayar ɗanta. Shekara nawa. In kishi ne ni ya kamata in yi, kuma na yi, ban dai taɓa barin ka a titi ba."

Na ce ya yafe min. Na faɗa ya fi sau biyar, a durƙushe, gaban dattijuwar da Obinna da mai shago. Ya ce ya ji, in tashi mutane na kallo. Ya cire jaket ɗin ya ninke ya miƙa wa matar da hannu biyu, ta kama fuskarsa ta sumbaci goshinsa. Wannan karon ban ji komai ba sai kunya.

Ba mu ga Prague ba. Obinna ya maido mu Brno, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ya saya mana burodi mai zafi, ya ja kunnena a zahiri kafin ya tafi. Muka hau bas ɗin Budapest. Na sa rigar ruwan ƙasa, ta zauna min cif kamar an gwada. Shamsu ya fara atishawa tun kafin mu bar garin, muna isa gida zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar. Ni na yi jinyarsa, na dafa citta, na kai takardarsa makaranta, na kuma sanar da ƙanwata Hauwa. Yana amsa min magana, yana cewa na gode, amma dariyar baranda ta ɗauke, don Umma ta daina kira. Ba ta kira shi ba, ba ta kira ni ba. Na gane cewa jin da na yi mata ya fi mata nauyi fiye da komai, kamar na leƙa ta tana wanka. Hanya ɗaya take da ita zuwa gare ni, na bi na toshe da hannuna, na kuma raba Shamsu da 'yar gaisuwar da yake samu.

Mako uku muka yi haka. Ranar wata Juma'a bayan mun dawo masallaci wayata ta yi ƙara, lambar Hauwa. Ita tana aure a Inugu, sai ta ce min ta zo gida kwana biyu. Muka gaisa, sai ta ce, "Yaya, an ba ni saƙo." Daga gefenta ina jin wata murya ƙasa-ƙasa, kusa da wayar sosai.

"Ki tambaye shi Shamsu ya warke?"

"Wai Shamsu ya warke?" in ji Hauwa.

Na buɗe sifika na ajiye wayar a kan tebur tsakanin gadajenmu. Shamsu na kwance ya ba ni baya. Na ce ya warke, saura ɗan tari.

"Ki ce yana cin abinci? Ki ce a duba ƙafafunsa, sanyi ta ƙafa yake shiga. Ki ce ya yi haƙuri, ni ce na ɗora masa kayan da ba nasa ba. Ki ce ɗana ne har gobe."

Hauwa na maimaitawa kalma-kalma, ni kuwa kafin ta faɗa na riga na ji. Shamsu bai juyo ba, amma na ga ya ja bargo ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na motsi.

Sai muryar ta ƙara yin ƙasa.

"Shi kuma ki ce masa ya riƙa cin abinci. Ki ce kada ya fita ba rigar."

Ban jira Hauwa ba. Na sunkuya kan wayar na ce, "Umma, ina jin ki ai."

Har na ɗauka layin ya yanke. Sai na ji ta ce wa Hauwa, a hankali:

"Ki ce masa na san yana ji."